Jirgin da Za Ka Saya, Auta



Auta,

 Mahaifiyarka ta ji sauƙin ƙafar, har ta koma zuwa islamiyya. Damina ta yi albarka bana a Kaduna, Alhamdu lillahi.

Hotunan da ka turo sun iso, na sa an buga min su a takarda na duba a natse. Na ga jirgin ruwan da ya shiga ranka, Westsail 32, kuma ban yi mamaki ba, don ni ma ban taɓa wuce irinsa ban waiwaya ba. Ka ce in gaya maka gaskiya. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abu biyu ka ce kana so. Kana son jirgin da za ku riƙa fita da shi ran Asabar daga kogin Hamble, ku sha iska a mashigin ruwan Solent, ku ci abinci a Cowes ko ku jefa anka a Newtown, ku dawo kafin magariba. Sannan kana son nan da 'yan shekaru, in Allah ya yarda, ku saki gidan haya ku tare a cikinsa ku yi kudu. Na lura kuma duk lissafinka a kan na biyun yake, wanda bai zo ba tukuna, ka bar na farkon wanda shi ne rayuwarku ta yanzu. A nan nake son in riƙe hannunka.

Bari in fara ba jirgin naka haƙƙinsa, don kada ka ce na kushe shi ban san shi ba. Asalinsa daga Nowe ne. Colin Archer, maƙerin jirage a garin Larvik, shi ya zana jirgin ceto na 1893 wanda aka yi don ya bi masunta cikin hunturu ya ja wanda ya shiga uku zuwa gaci. Gaba da baya duk masu tsini, ciki mai faɗi, nauyi a ƙasa. Daga baya William Atkin a Amurka ya rage wannan siffa zuwa ƙafa 32. Da zanen Atkin aka ƙera Suhaili da katakon tik a Bombay, jirgin da Robin Knox-Johnston ya bar Falmouth da shi ran 14 ga Yuni 1968, ya dawo ran 22 ga Afrilu 1969, kwana 312 shi kaɗai bai tsaya ko'ina ba. Gasar zagaya duniya ce, mutum tara suka shiga, shi kaɗai ya gama. Daga wannan dangi William Crealock ya fitar da na faiba, aka ƙera Westsail sama da 800 a Kalifoniya a shekarun 1970. A guguwar ƙarshen Oktoba 1991 ma, dakarun ceton Amurka sun kwashe mutum uku daga wani mai suna Satori, aka bar shi babu kowa a ciki. Bayan kwanaki aka same shi kwance a kan yashi a gaɓar Maryland, aka ja shi ya koma ruwa. Duk wannan gaskiya ne, kuma na san shi ne ya cika maka ido.

Nauyin kuma yana da amfanin da ba wanda zai musa. Gida ake kwasowa a zuba a ciki idan za a zauna a jirgi. Lita 300 ta ruwan sha kilo 300 ce. Sarƙar anka mai kaurin milimita 10, mita 60 kawai, ta kusa kilo 140. Ka haɗa da dizal, batura, kayan aiki, ƙaramin kwalekwale da injinsa, buhun shinkafa, littattafai, kayan yarinya. Kafin ka ankara ka wuce tan guda. Tan guda a kan jirgi mai tan huɗu kwatan nauyinsa ne, sai ya nutse fiye da yadda aka zana shi, tafiyarsa ta lalace. A kan mai tan takwas ko tara kuwa, inci biyu zai sauka ya ci gaba da harkarsa. Ga kuma laushin motsi. Jirgi mai nauyi yana hawa igiyar ruwa ya sauka a hankali, ba ya dukan ruwa da ciki har haƙoran mutum su haɗu. Wanda ya yi barci ya ci abinci mai zafi shi ke yanke shawara daidai da tsakar dare, don galibi gajiya ce ke fara kayar da mutane a teku tun jirgi bai gaji ba.

To amma yanzu zo mu tsaya a Hamble da safiyar Asabar.

Westsail nauyinsa fam 19,500 ne, kusan tan tara, a kan tsawon ƙafa 27 da rabi da ke taɓa ruwa. Akwai lissafin da masu zanen jirgi ke yi na auna nauyi da tsawo. Duk wanda ya haura 300 ana kiransa mai nauyi, naka kuwa ya haura 400, alhali da yawa daga cikin na zamani ba sa kai 200. Kil ɗinsa, wato ƙashin nan na ƙasa mai ɗauke da nauyin da ke hana jirgi kifewa, ya miƙe tun daga ƙirji har wutsiya. Duk faɗin nan yana gugar ruwa. Idan iska ta yi ƙarfi ba komai, zai yi mil shida ko bakwai na teku a awa yana tafe kamar a kan layi. Amma ka san safiyar bazara a Solent, iskar da ko tutar jirgi ba ta ɗagawa sosai. A irin wannan iska za ka ga ƙananan jirage sun wuce ka, kai kuma ka kunna inji. Ka kuma san ruwan wurin ba ya tsayawa. A mashigar Hurst gudunsa kan haura mil huɗu a awa lokacin babbar cika. Jirgin da ke yin uku yana fuskantar ruwan da ke yin huɗu, baya yake tafiya ko da goshinsa na kallon gaba.

Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar tana wurin fita da shiga. Idan ka sa giyar baya, farfela ba baya kaɗai take ja ba, tana kuma tura wutsiya gefe guda. Allon tuƙi kuwa ba ya da iko sai ruwa ya fara gudu a kansa. Jirgi mai gajeren kil da zarar ya ɗan motsa sai ya bi hannunka. Mai dogon kil sai ya yi inda ya ga dama. Kana tsaye ka danne sandar tuƙi har ƙarshe, wutsiya na tafiya ɗaya gefen, ruwan kogi na jan ka a kaikaice, sandar goshi mai tsawo tana shara ta kan jirgin maƙwabci, matarka na gaba riƙe da balan-balan ɗin kariya tana kallonka. Tan tara ba a tare shi da ƙafa ko da hannu, kuma ka gaya mata wannan tun ranar farko, ko wane jirgi kuka saya. Ana koyon dabarar, ban ce ba a koyo ba, da igiya da ɗan bugun inji gaba. Amma na yi shekaru a wurin gyaran jirage a bakin kogin nan, na ga yadda abin ke ƙarewa. Mutum ya sha wuya sau ɗaya gaban jama'a. Mako mai zuwa ya ce iska ta yi yawa. Na gaba ya ce ta yi kaɗan. Ƙarshen kaka mu ɗaga jirgin da ƙugiya mu tarar da ciyawa da ƙwanso sun rufe farfela, alamar bai motsa ba tun bazara. Mai shi ya sayi tirela ne don zuwa cefane. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, irin waɗannan mutane su ne masu mafarkin tsallaka teku, kuma ƙwarewar da za ta tsallakar da su a fitar Asabar ake tara ta. Sun sayi jirgin tafiya mai nisa, shi kuma ya hana su koyon tafiyar.

Ka tuna kuma matsayar jirage da mita take karɓar kuɗi, kuma har da sandar goshi da ta wutsiya ake aunawa. Sunansa 32, amma kuɗin kusan ƙafa 40 za ka riƙa biya duk shekara.

Ina jin tsoro ne ya zaɓa maka wannan jirgi, Auta, tsoron mai iyali, kuma ban ga laifinka ba. Tun da aka haifi 'yarka, amaryata, ka sake, haka ake so. Sai dai nauyi shi kaɗai ba shi ne tsaro ba. A gasar Fastnet ta Agusta 1979 jirage 303 suka tashi daga Cowes, guguwa ta same su tsakanin Ingila da Ailan, mutum 15 daga cikin 'yan gasa suka rasu. An gudu an bar jirage 24, amma biyar ne kawai suka nutse. Wasu daga cikin mamatan sun bar jirgin da bai nutse ba ne suka shiga kwalekwalen ceto na roba. A rukunin ƙananan jirage, 58 suka tashi, ɗaya tak ya kai ƙarshe. Sunansa Assent, Contessa 32 ne, ƙirar Lymington nan kusa da ku, kuma wani matashi Alan Ker ne ya tuƙa shi, jirgin mahaifinsa. Nauyin Contessa fam 9,500, bai kai rabin na Westsail ba. Abin da ya tsirar da shi siffarsa ce: siriri, mai zurfi, kusan rabin nauyinsa dalma ce a ƙasa, ko ruwa ya kwantar da shi sai ya miƙe. Sai kuma mutanen cikinsa da suka san shi suka ci gaba da tuƙi.

Ba ina cewa ka sayi Contessa ba. Don fitar Asabar ban san wanda ya fi shi daɗi a hannu ba, amma cikinsa matsattse ne, mutum uku ba za su yi hunturu a ciki ba tare da an ƙosa da juna. Abin da nake nuna maka shi ne tsakiya. Ka nemi Nicholson 35, ƙirar Gosport, mai kusan tan bakwai, ko Rival 34 na Peter Brett wanda aka ƙera a Woolston, cikin Southampton inda ka tashi. Dukansu kil ɗinsu matsakaici ne, ba dogo har wutsiya ba, kuma allon tuƙi na jingine da ginshiƙi mai kare shi. Dalmar a cikin jikin jirgin aka rufe ta, ba da noti aka rataye ta ba. Suna ɗaukar kaya, suna juyawa cikin kogi, suna hawa iska idan ta zo daga gaba. Idan aljihu ya kai, Rustler 36 na Falmouth, wanda Jean-Luc Van Den Heede ya ci gasar zagaya duniya da shi a Janairu 2019 yana da shekara 73. Shi dogon kil gare shi, baya zai ba ka aiki, amma an yanke ƙirjin kil ɗin, kuma siriri ne, yana tafiya ko iska ba yawa. Da ni ne kai, da kuɗin da ka ambata, Nicholson 35 zan nema.

Na ambaci noti don wani dalili. Ka tuna Mayu 2014, lokacin da Cheeki Rafiki ke dawowa Southampton daga Antigua, kil ɗinsa ya rabu da jiki a tsakiyar Atlantika, mutum huɗu ba a gan su ba har yau. Binciken hukuma ya nuna mai yiwuwa bugun ƙasa da aka yi a baya da gyare-gyaren da suka biyo sun raunana mahaɗar. Dubban jirage masu noti suna yawo lafiya. Amma duk jirgin da za ka duba, ka tambayi mai shi ko ya taɓa bugun ƙasa da ƙarfi, ka kalli idonsa lokacin da yake ba ka amsa. A Solent, mai tudun Bramble a tsakiyarsa, wanda ya ce bai taɓa ko gogar yashi ba, ka ƙara bincike.

Suna kuma ba ya hana ruɓa. Duk jiragen nan da na lissafa, galibinsu sun ba shekara arba'in baya. Nicholson da aka yi wa riƙon sakainar kashi, gara Westsail mai lafiya da shi. Saboda haka kada ka biya ko fam ɗaya ban da kafin alƙalami sai an ɗaga jirgin daga ruwa, mai bincike wanda kai ka ɗauko ka biya ya duba shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka je ranar da kanka da kayan aiki. Kana yaro kai ke riƙe min tocila a ramin inji, kana tambayata sunan kowane tiyo, don haka idonka ba baƙo ba ne.

Ka ɗauki ƙaramar guduma ta roba ka bi daɓen sama taki-taki kana ƙwanƙwasawa. Inda yake lafiya ƙarar a tsaye take, tas-tas. Inda ruwa ya shiga ya ruɓar da katakon da ke tsakanin faiba biyu, sai ka ji ta mutu, dum-dum, musamman kewayen gindin jigon filafili da ƙafafun shinge. Idan an shimfiɗa katakon tik a sama, kada kyansa ya ruɗe ka. A tsofaffin jirage da ɗaruruwan kusoshi aka kafe shi, kowace kusa ƙofa ce ga ruwa, kuma sake shi na iya cin kuɗin da ya kusa na jirgin. Sai ƙarafan da wayoyin jigo ke ɗaure a jikinsu. Na taɓa zare ɗaya daga wani jirgi da ke shirin tsallaka Biscay. Sama yana ƙyalli kamar sabon cokali, ƙasa ma haka. Daidai inda ya ratsa daɓe, inda iska ba ta kaiwa amma ruwan gishiri na kwanciya, ya yi ramuka baƙaƙe. Na sa shi a matsi na ɗan lanƙwasa, ya karye gida biyu. Ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, a ɓoye yake cin kansa idan ya rasa iska. Ka ce a zare aƙalla ɗaya ka gani da idonka, gani ya kori ji. Wayoyin kansu, in sun haura shekara goma, masu inshora kan ce a sake, ka sa kuɗin a lissafi. Ka murɗa kowane bawul da ke ratsa jikin jirgi. Wanda ya ƙi motsi, ko ka kankare shi ka ga ya yi ja-ja maimakon ruwan ɗorawa, ya mutu. Inji kuma ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso. Ka dafa shi ka ji da sanyi, sannan a kunna, ka kalli hayaƙin.

Kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ka ajiye shi gefe don gyara, ka sayi jirgi da sauran. Kada ka ci bashi mai ruwa a kan wannan.

Maganar zama a ciki kuwa, ba da rani ake gwada ta ba. Ka je ka duba jirgin a watan Janairu, ana ruwa, ku rufe ƙofa ku zauna ku uku na awa biyu. Numfashinku da tururin tukunya za su kwanta a jikin faiba mai sanyi, su riƙa ɗiga. Ka ɗaga katifa ka shinshina ƙarƙashinta, ka buɗe lokokin baya ka duba funfuna. Dole ne hita ta dizal mai fitar da hayaƙi waje, da na'urar da ke kururuwa idan iskar guba ta taru, don wannan iskar ba ta da wari kuma a barci take ɗaukar mutane. Gas na girki ya fi iska nauyi, in ya yoyo gindin jirgi yake sauka ya kwanta yana jiran tartsatsi, don haka tukunyarsa ta zauna a loka mai hudar da ke zubarwa waje. Ka kuma tambayi matsayar tun kafin ciniki ko sun yarda a zauna dindindin, da yawa ba sa yarda.

Akwai abin da mai bincike ba zai auna maka ba. Ka tafi da darduma ka shimfiɗa a tsakar ɗakin, ka miƙe tsaye ka ga ko kanka na taɓa rufi, ka yi ruku'u da sujada ka ga ko tebur ya tare ka. Sau biyar a yini za ka buƙaci wannan wuri. A kan anka jirgi na juyawa duk lokacin da ruwa ya sauya, inda ka fuskanta da azahar ba nan ba ne da isha, sai ka duba kamfas kafin ka tayar. Ka shiga ban-ɗakin da buta ka rufe ƙofa ka ga ko mutum zai iya tsarki a natse. Ruwan alwala ma ka sa shi a lissafin tanki, don lissafin da ke littattafansu babu shi a ciki.

Sai surukata. A duk bayaninka na ji "ina so", ban ji abin da ita ta ce ba. Ka kai ta ta gani, ka yi shiru ta yi magana. Ta tsaya a wurin girki ta ga ko akwai inda za ta jingina idan jirgi ya karkata. Sannan, kuma wannan ya fi duk abin da na rubuta a sama, ta gwada ɗaga babban filafili da kanta, ta rage shi, ta ja anka, ta juya jirgin ta dawo da shi inda aka jefa wani abu a ruwa. Idan ka faɗa ruwa, Allah ya kiyaye, ita ce za ta dawo ta ɗauke ka, da yarinya na kuka a ƙasa. Nauyi yana ƙara girman komai, filafili da igiya da anka. Jirgin da ya fi ƙarfin hannunta ya fi ƙarfin gidanku, komai tarihinsa. Ku yi kwas ɗin tuƙin jirgi na RYA tare, hedikwatarsu ma a Hamble take. Amaryata kuma rigar ceto daidai jikinta, da igiyar ɗauri, da raga a kewayen shinge, tun ranar farko.

Idan lokacin kudu ya zo, hanyar sananniya ce: ku tsallaka Biscay da rani, ku bi gaɓar Fotugal, ku sauka tsibiran Kanari, inda ayarin jiragen ARC masu tsallaka Atlantika ke tashi daga Las Palmas duk Nuwamba. Na san zuciyarka, za ka ce ka ƙaraso Legas ka nuna min jirgin. Ban yarda ba. Mashigin Gini ya yi fama da masu fashi da satar mutane, manyan jiragen kaya ma da shiri suke bi, balle ƙaramin jirgi da mace da yarinya. Ku tsaya Dakar ko Banjul, ni da mahaifiyarka mu hau jirgin sama mu same ku, in da rai da lafiya.

Kafin nan ka roƙi mai Westsail ɗin ya fita da kai ranar da iska ba ta da yawa, kai za ka fitar da shi da baya ka kuma mayar da shi. Ka yi haka da Nicholson ko Rival a mako guda, surukata na wurin. Bayan nan ka yi istihara. Idan har Westsail ɗin ne dai ku biyun kuka zaɓa, na sa albarka, zan rubuto maka yadda ake fitar da dogon kil da igiya ɗaya. Rahoton mai bincike kuma ka turo min shi duka, har da hotunan ƙarafan da bawul-bawul, kafin ka sa hannu.

Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce yaji da kuka da daddawa suna hannun mai zuwa ƙarshen wata. Yayyenka duk suna gaisuwa. Ka gai da surukata, ka shafa min kan amaryata. Allah ya yi muku albarka, ya zaɓa muku mafi alheri, ya tsare ku a tudu da ruwa.

Wassalam,
Mahaifinka